Katin ɗaukar bidiyo ya ƙi sabuwar kwamfuta, a tsohuwa kuma yana yanke min aiki: ina mafita?

Mai Sitidiyo, Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Wani dattijo a unguwarmu ya kawo min kwali cike da kaset na VHS, yawanci tafsirin azumi ne na shekarun 1990 da aka ɗauka a masallacin ƙofar gidansu, sai na bikin 'ya'yansa da na hawan sallah. Yana so a juye masa su cikin kwamfuta tun ba su ƙarasa lalacewa ba. Ina da tsohuwar Pentium 4 mai Windows XP, da katin ɗaukar bidiyo irin wanda ake sokawa a ramin PCI. Babu sunan kamfani a jikinsa, amma a kan babban aisin (wato IC, guntun lantarkin da ke tafiyar da katin) an rubuta Conexant Fusion 878A.

A tsohuwar kwamfutar hoto yana fitowa, sai dai girmansa ba ya wuce 352x288. Idan na zaɓi 720x576 sai manhajar ta ƙi. Ɗaukar ma tana tsayawa da kanta bayan 'yan mintuna. In na lallaba na samu mai ɗan tsawo, zuwa ƙarshe sai ka ga bakin malam ya rufe amma muryarsa na ci gaba. Da na cire katin na saka shi a wata mai Windows 7 da RAM gigabait 8, sai ya fito a Device Manager, inda Windows ke jera na'urorinta, da alamar rawaya har guda biyu, kuma faifan direban da ya zo da shi, wato manhajar da ke haɗa katin da Windows, ya ƙi shiga. Me zan yi?

Mai Gyara na Beirut Road:
Wa alaikumus salam. Yaya, kada ka wahalar da kanka. Wannan katin ya girmi wasu daga cikin yaran shagona. Ka sayi ɗan ƙaramin na USB, irin wanda ake kira EasyCAP, mai wayoyi rawaya da ja da fari. Ka soka, ka ɗauka, ka miƙa wa dattijo kayansa. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Tsohon Injiniyan Talabijin:
Ɗana na Zariya, kada ka yi saurin jefar da katin nan. Abin da ka lissafa matsaloli huɗu ne daban-daban, kowacce da tushenta, kuma ɗaya ce kawai ba ta da magani.

Bari in fara da marar maganin. Alamun rawaya biyu da ka gani daidai ne, domin aisin 878 yana bayyana wa kwamfuta a matsayin na'ura biyu, ta hoto da ta sauti. In ka duba lambobinsu za ka ga VEN_109E a duka biyun, ɗaya DEV_036E, ɗaya DEV_0878. Lambar 109E ta kamfanin Brooktree ce, su suka fara ƙera wannan zuri'a da Bt848. Rockwell ya saye su a 1996, daga baya sashen ya koma Conexant a 1999. Tunda ka ce kwamfutar tana amfani da gigabait 8, to Windows ɗinka mai bit 64 ce. Direban da ke kan faifanka kuwa na bit 32 ne, an rubuta shi don Windows 98 zuwa XP. Direba ba kamar sauran manhajoji ba ne da Windows mai 64 ke iya lallaɓawa ta tafiyar da na 32. Shi a cikin zuciyar tsarin yake zama, dole jinsinsu ya zo ɗaya.

Mai Gyara na Beirut Road:
Baba Injiniya, da girmamawa, ai akwai dabara. In kwamfuta na tashi ka danna F8, ka zaɓi kashe binciken sa hannun direba. Mun sha shigar da direbobin da suka ƙi shiga ta haka.

Tsohon Injiniyan Talabijin:
Dabarar gaskiya ce, amma ba ta wannan ciwon ba ce. Tun daga Vista mai bit 64 Microsoft ta ce duk direban da zai shiga zuciyar tsari sai yana da sa hannu. F8 wannan sharaɗin kaɗai take ɗagewa, shi ma na tashi ɗaya, da ka sake kunnawa ya dawo. Tana amfani ne idan direban na 64 ne amma ba shi da sa hannu. Na 32 kuwa ko ka danna F8 har gobe ba zai hau ba. Da Windows 7 ɗin mai bit 32 ce, da na ce ya gwada, don direbobin XP da dama suna aiki a kanta.

Akwai kuma wani abu a ƙarƙashi. Waɗannan katunan su da kansu suke zuba hoto kai tsaye cikin RAM ba tare da sun bi ta furosesa ba, kuma adireshin da suka iya kira na bit 32 ne, wato iyakarsu gigabait 4. A kwamfutar da RAM ya wuce haka, sai direba ya san yadda zai tanadar wa katin wuri a ƙasa da wannan iyaka. Direbobin wancan zamani da yawa ba a rubuta su da wannan tunanin ba, shi ya sa ake samun katin da ya shiga lafiya amma hoto baƙi, ko kwamfuta ta yi shuɗin allo da zarar an fara ɗauka.

Mai Sitidiyo, Zariya:
Na gane, Baba. Ke nan in haƙura da sabuwar. To ita tsohuwar fa, me ya hana ta ba ni cikakken hoto?

Tsohon Injiniyan Talabijin:
Yawwa, nan ne wurin da nake so ka natsu, don a nan ake asarar rabin hoton mutane ba su sani ba.

Hoton PAL, tsarin talabijin da aka ɗauki kaset ɗinmu na Najeriya da shi, firem 25 ne a daƙiƙa, wato hotuna 25 a jere, layukan da ake gani 576. Amma talabijin ba ta zana firem gaba ɗaya. Tana zana layi na ɗaya, na uku, na biyar har ƙasa, sannan ta dawo ta cike na biyu, na huɗu, na shida. Kowane zagaye rabin firem ne mai layi 288, ana yin 50 a daƙiƙa, kuma kowane rabi lokacinsa daban. Shi ya sa motsin doki a kaset ɗin hawan sallah yake tafiya sumul a tsohuwar talabijin.

Aisin 878 yana iya aika waɗannan rabi biyu wurare daban-daban. Abin da direbobi da yawa suka yi shi ne su ba tagar kallo, wadda kake ganin hoton a cikinta ana ɗauka, rabi ɗaya, su ba fayil ɗin da ake ɗauka ɗaya rabin. Muddin tagar kallon na buɗe ta wannan hanya, layi 288 kawai ya rage wa ɗauka. Ga 352x288 ɗinka nan. Ba katin ne ya gaza ba, rabon da direba ya yi ne.

Dalili na biyu mai yiwuwa: Windows na da tsarin ɗaukar bidiyo iri biyu. Tsohon shi ne Video for Windows na 1992, sabon kuma WDM da ake shiga ta DirectShow. Idan manhajarka tsohuwa ce mai jin tsohon tsari kaɗai, direban kuma na sabo ne, Windows kan sa wani ɗan tsani a tsakaninsu, kuma ta wannan tsanin zaɓuɓɓuka da yawa ba sa bayyana. Ka ɗauko manhajar VirtualDub, ka shiga sashen ɗauka. A jerin na'urori kana iya ganin katin sau biyu. Ka zaɓi wanda aka rubuta DirectShow a gefensa, ka kashe tagar kallo, ka sa 720x576 da tsarin kala YUY2. In direban faifan ya ci gaba da taurin kai, akwai wani na kyauta da masu sha'awa suka rubuta wa wannan zuri'ar aisi, sunansa btwincap, yana aiki a XP.

Mai Gyara na Beirut Road:
To Baba ka ji tsawon bayanin nan. Duk wannan don kaset ɗin da shi kansa dishi-dishi yake? VHS ai ba shi da kyan da za a ce an rasa wani abu. Wa zai lura?

Tsohon Injiniyan Talabijin:
Daga hagu zuwa dama VHS ba shi da kaifi, wannan na yarda. Amma daga sama zuwa ƙasa layukansa cikakku ne, kuma rabi 50 ɗin nan duk suna kan kaset. In ka ɗauki 288 ka zubar da rabin layuka da rabin motsi, kuma babu manhajar da za ta dawo da su. Dattijon nan ba shi da kwafi na biyu. Malamin da ke cikin tafsirin wataƙila ya riga mu gidan gaskiya. Ni a ganina aikin da sau ɗaya za a yi shi, a yi shi cikakke.

Ɗalibar Kimiyyar Kwamfuta:
Sannunku da ƙoƙari. Baba, ina da ƙari kan maganar EasyCAP, don mutane su san abin da suke saye. Wannan sunan ba na na'ura ɗaya ba ne. Kwanson iri ɗaya ne, amma abin da ke ciki ya bambanta: akwai mai Syntek STK1160, akwai mai Empia EM2860, akwai mai Somagic, akwai UTV007, ga kuma na baya-bayan nan masu aisin MacroSilicon. Kowanne da direbansa, na wani ba ya yi wa wani. Daga kwali ba za ka gane ba, sai ka soka ka karanta lambar. Misali 05E1:0408 Syntek ne, 1B71:3002 kuma UTV007.

Masu MacroSilicon su ne ba sa neman direba, Windows na ɗaukarsu kamar kyamarar hira. Wannan sauƙin ne ke jan mutane, amma hoton da suke bayarwa sun riga sun matse shi a cikinsu kafin ya iso kwamfuta, ba ka da iko a kai. Wasu daga cikin masu Syntek kuma an cire musu aisin sauti don rage kuɗi, sai su ba ka murya a 8000 Hz, kamar ta wayar tarho. A kaset ɗin tafsiri kuwa muryar ita ce kan gaba.

Sannan a tsohuwar kwamfuta USB ɗin ma yana da iyaka. Hoton PAL da ba a matse ba, 720 sau 576 sau bait 2 sau firem 25, ya kai megabait 20.7 a kowace daƙiƙa. Mafi yawan abin da USB 2.0 ke ware wa irin wannan kwararar kusan megabait 24 ne. Ka ga babu sarari sosai. In ka haɗa rumbun ajiya na waje a kan layin USB ɗaya, firem zai riƙa zubewa. In ramin na USB 1.1 ne, mai megabit 12, wato megabait ɗaya da rabi kacal, babu ma magana. Ita kanta XP sai da SP1 na 2002 ta san USB 2.0. PCI kuwa megabait 133 yake ɗauka a daƙiƙa, ko da yake duk katunan da ke kansa raba shi suke yi.

Mai Gyara na Beirut Road:
Malama, na karɓi wannan. Gaskiya mu ma a kasuwa in kaya suka zo ba ma sanin wane aisi ne a ciki sai mun gwada. Amma ina nan a kan cewa ga wanda kaset ɗinsa biyu ne ko uku, na USB ya ishe shi.

Ɗalibar Kimiyyar Kwamfuta:
Ga mai biyu ko uku, ban musa ba, in ya dace da mai kyau. Shi Yayanmu kwali guda gare shi.

Kuma ni ban yarda sabuwar kwamfutar ta fita daga lissafi ba. Windows ce ba ta da direban, Linux kuwa, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ake sawa a madadin Windows, tana da shi. Direban bttv yana cikinta tun shekarun 1990 kuma har yau ana kula da shi, mai bit 64 ne, kuma ya san batun iyakar gigabait 4. Kana iya tayar da ita daga filashi ba tare da ka taɓa Windows ɗinka ba. Abin lura ɗaya: katunan da ba su da suna irin naka yawanci ba a sa musu ɗan aisin da ke faɗin ko su waye ba, don haka direba ba ya gane su da kansa. Sai ka gaya masa lambar kati da hannu daga jerin da ya haura 150. Tunda ta wayar rawaya ko S-Video za ka shiga, ba ta eriya ba, sau da yawa ko ba a dace da lambar daidai ba hoto na fitowa, sai dai ka laluba wace ƙofa ce wacce. Daga nan manhajar ffmpeg za ta ɗauka ta adana da tsarin FFV1, wanda ke matsewa ba tare da zubar da komai ba.

Tsohon Injiniyan Talabijin:
'Yata, hanyarki mai kyau ce, kuma ga wanda ya iya ta fi tawa tsabta. Dalilin da ya sa ban kawo ta ba: mutumin nan sana'a yake yi, XP ya sani, kuma injin da ya dace da katin yana gabansa. Sannan ki tambaye shi wane irin babban allo (motherboard) ne a sabuwar. Daga 2011, a aisin babban allo irin su H61 da H67 da P67, Intel ta cire PCI na asali. Ramin PCI da kike gani a kansu wani aisi ne na daban ke yi masa gada zuwa PCI Express, kuma katunan da ke kwarara ba tsayawa irin na bidiyo da sauti su ne suka fi shan wahala a kan waɗannan gadoji. Irin su B75 da Q77 na kwamfutocin ofis sun riƙe na asalin. Wannan kuwa ko a Linux ko a Windows duk ɗaya ne.

Ɗalibar Kimiyyar Kwamfuta:
Haka ne Baba. Amma XP fa an daina yi mata gyaran tsaro tun 8 ga Afrilu 2014, ita ma Windows 7 tun Janairun 2020. Ina jin tsoron a ce wa mutane su koma can.

Tsohon Injiniyan Talabijin:
Tsoronki a wurinsa yake. Sharaɗin shi ne kwamfutar nan ta zama ta aiki ɗaya tak. A zare mata wayar intanet, kada a soka mata filashin kowa, a kashe buɗewar filashi ta kai tsaye. Rumbu ɗaya na kwashe aiki, shi kaɗai ke shiga yana fita. A haka ba ta buƙatar manhajar kashe ƙwayar cuta, wadda ita ma kan jawo zubar firem in ta tashi bincike ana tsakiyar ɗauka.

Mai Sitidiyo, Zariya:
Allah ya saka. Na gwada VirtualDub yadda Baba ya ce, na kashe tagar kallo, ga 720x576 ya fito. Har rubutun allon da ke bayan malam yanzu ana iya karantawa. Amma yanzu tsayawar ta fi sauri, minti uku da 'yan kai sai ta yanke, kuma adadin firem da ke zubewa yana ta hawa a gefen dama.

Tsohon Injiniyan Talabijin:
Madalla. Minti uku da rabi ɗin nan shi ya tona asirin. Ka raba gigabait 4 da megabait 20.7 da 'yata ta lissafa, za ka samu daƙiƙa 200 da 'yan kai. Tsarin ajiyar fayil na rumbunka FAT32 ne, kuma a FAT32 fayil ɗaya ba ya wuce gigabait 4. Ka mayar da shi NTFS. Da a ƙasa da minti biyu yake yankewa, da na ce tsohon tsarin fayil ɗin bidiyo na AVI ne mai iyakar gigabait 2, amma VirtualDub ya wuce wannan. Kada kuma ka ɗauka ɗanye, awa ɗaya zai ci maka kusan gigabait 75. Ka sa tsarin matse bidiyo na Huffyuv, yana rage shi zuwa wajen 30 ba tare da asarar komai ba, kuma Pentium 4 na iya ɗaukarsa.

Zubar firem kuma, ka fara da wannan. Device Manager, sashen IDE ATA/ATAPI, ka buɗe Primary IDE Channel, ka duba Current Transfer Mode. In ka ga Ultra DMA, lafiya. In ka ga PIO, ga ɓarawon nan. XP tana da hali: in rumbu ya yi kuskuren karatu ko jinkiri sau shida, sai ta rage masa gudu, a ƙarshe ta mayar da shi PIO, inda furosesa ke dakon kowane bait da kansa, kuma ba ta mayarwa da kanta. A inda ake yawan ɗauke wuta wannan ba baƙon abu ba ne. Ka cire wannan tashar daga Device Manager ka sake kunna kwamfuta, za ta gano ta sabuwa. Ka tabbata faffaɗar wayar rumbun mai silli 80 ce, ba mai 40 ba. In da hali ka sa rumbu na biyu don ɗauka kawai. Sai ka zare duk katin PCI da ba ka buƙata, modem da na intanet, in ya so ka canza wa katin rami, don wasu ramukan suna raba layin kiran furosesa da USB ko katin sauti.

Mai Ɗaukar Biki, Zangon Kumasi:
Gaisuwa ga manya. Ni ta wata hanya nake bi, bari in faɗa ko za ta yi wa wani amfani. Ina haɗa injin VHS da kyamarar MiniDV mai karɓar hoto daga waje, ita kuma ta tura wa kwamfuta ta wayar FireWire. Kyamarar ce ke mayar da hoto da murya tare zuwa DV, tsarinta na dijital, kwamfuta kwafa kawai take yi, don haka murya ba ta guduwa. Awa ɗaya gigabait 13. Ba kowace kyamara ke da wannan ƙofar shiga ba, musamman waɗanda aka yi wa kasuwar Turai, da yawa an toshe musu ita, sai a duba kafin a saya.

Nan ma akwai rigimar direba. A Windows 7 an sake rubuta direban FireWire, tsofaffin kyamarori da dama suka daina bayyana, sai ka shiga ka canza shi da hannu zuwa wanda aka rubuta Legacy a ƙarshensa. A Windows 8 da 10 ba ya zuwa a ciki, sai an sauko da shi daban daga Microsoft. Masu wannan aiki kuma sun fi yarda da katin FireWire mai aisin Texas Instruments.

Tsohon Injiniyan Talabijin:
Hanya ce ta mutunci, ɗan'uwa, kuma ta fi sauƙin koyarwa. Abin da ake biya shi ne DV matsewa ce mai zubarwa, kuma ƙurar hoton VHS tana wahalar da ita. Ga wanda zai gyara kala daga baya, marar zubarwa ya fi. Ga wanda zai miƙa wa mai biki kawai, DV ya wadatar.

Ka kuma taɓo maganar murya, wadda ban amsa wa na Zariya ba. Ɗana, leƙa bayan kwamfutarka. Wayar sauti a katin sauti take, ko?

Mai Sitidiyo, Zariya:
Eh Baba, ja da fari sun haɗu sun shiga ramin shuɗi na katin sauti. Rawayar ce kaɗai ke shiga katin bidiyo. Kuma PIO na tarar, na gyara, zubar ta ragu ƙwarai. Saura a farkon kaset da wuraren da aka tsayar da kyamara aka ci gaba.

Tsohon Injiniyan Talabijin:
To ka ga agogo biyu ke aiki. Katin sauti na ƙirga lokaci da nasa, hoto kuma na zuwa da gudun da injin kaset ya ga dama. Kamar mutum biyu ne ke awon hatsi ɗaya kowa da mudunsa: a tiya ɗaya ba ka ganin bambanci, sai an cika buhu. A ce sun saɓa da kashi 0.05 cikin ɗari kacal, a awa ɗaya ya zama daƙiƙa 1.8, a kaset mai awa uku ya haura biyar. Direban katin bidiyo bai ma san da muryar ba, balle ya daidaita. A VirtualDub, ƙarƙashin Timing, akwai zaɓin da ke ɗan ja ko sassauta murya ta bi hoto. Ka kunna shi, ka sa sauti a 48000 Hz, bit 16, ba matsewa.

Zubar da ta rage kuma ba ta kwamfuta ba ce, kada ka ƙara taɓa direba a kanta. Kaset zare ne da ke miƙewa, ya sha zafi da ƙurar hunturu shekara talatin. Alamar da ke gaya wa kati "ga farkon layi, ga farkon firem" tana zuwa a karkace. Tsohuwar talabijin tana haƙuri da haka, kati ba ya yi: in ya rasa alamar sai ya yar da firem ɗin, ko saman hoto ya lanƙwashe gefe. Wasu direbobin ma, a wasu katunan, sukan ɗauki wannan rawar a matsayin kariyar hana kwafi ta Macrovision, su ƙi ɗaukar kaset ɗin bikin mutum na kansa. Maganin na'urar daidaita lokaci ce da ake kira TBC, a tashar talabijin ba ma sa kaset a iska sai ta bi ta cikinta. Tana da tsada yanzu. Abin da masu wannan aiki ke yi a madadinta shi ne su ratsa hoton ta cikin tsohon rikodan DVD na Panasonic, DMR-ES10 ko ES15: ya shiga ta baya ya fita zuwa kati, ba tare da an sa faifai ba. Yana miƙar da layukan sosai. In ka ci karo da shi a wurin masu kayan gwanjo, ko idonsa mai karanta faifai ya mutu ka saya, ba faifan kake so ba.

In kuma ka ga wani faffaɗan duhu na hawa a hankali daga ƙasa zuwa sama tare da gurnani a murya, wutar ce. Ka sa injin kaset da kwamfuta a soket ɗaya. Kuma ka samu UPS, don AVI sai a ƙarshe yake rubuta jadawalinsa, in wuta ta ɗauke a tsakiya sai an sha aikin ceto fayil ɗin.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, ina biye da ku tun farko. Baba Injiniya, ni tawa matsalar daban ce. Kaset ɗin da mahaifinmu ya ɗauka daga tele, shirye-shiryen Télé Sahel na da, in na sa su hoto na fitowa tsaf amma baƙi da fari. Na bikin da aka ɗauko muna daga Katsina kuwa da kalarsu. Kati ɗaya, inji ɗaya. Direba ne?

Tsohon Injiniyan Talabijin:
Wa alaikumus salam, ɗana. Wataƙila direba, wataƙila inji, ga yadda za ka raba. A wancan lokacin Nijar da SECAM take watsa talabijin, tsarin Faransa, Najeriya kuma da PAL. Layuka da gudun firem iri ɗaya ne, 625 da 25, shi ya sa hoton ke tsayawa daidai. Yadda ake ɗora kala ne ya bambanta. Ka haɗa injin kai tsaye da talabijin mai karɓar kowane tsari. In kala ta fito a can, to injin lafiya, sai ka shiga saitin katin, shafin Video Decoder, ka canza daga PAL zuwa SECAM. Aisin 878 ya iya SECAM, amma direbobin da aka haɗa wa wata kasuwa daban wani lokaci ba sa nuna zaɓin, a nan btwincap ko bttv na 'yata za su fisshe ka. In a talabijin ma baƙi da fari ne, injinka PAL kaɗai ya sani, kuma babu saitin kwamfuta da zai ƙirƙiro kalar da ba ta fito daga inji ba.

Ɗalibar Kimiyyar Kwamfuta:
Irin wannan na faruwa da kaset ɗin NTSC da 'yan'uwa ke aikowa daga Amurka. Injin PAL mai iya kunna su yakan fitar da wani gauraye, gudun Amurka da kalar PAL, ana ce masa PAL-60. Direbobin Windows da yawa ba su da shi a jeri, sai ka samu ko kala ba tsayuwa, ko tsayuwa ba kala. A bttv yana nan.

Ɗan Maraɗi:
Na gwada da tele, Baba, can ma babu kala. Ke nan inji zan nema. Wane rubutu zan duba a jikinshi in na je kasuwa?

Tsohon Injiniyan Talabijin:
Kafin ka je, ka bincika da wane inji mahaifinku ya yi ɗaukar, in yana nan ko a ɗakin ajiya ne, don hanyar rubuta SECAM a kan VHS iri biyu ce. Injinan da aka yi wa kasuwar Faransa suna da tasu, waɗanda ake kawowa daga ƙasashen Larabawa kuma MESECAM suke rubutawa, kuma kaset ɗin ɗaya ba ya ba da kala a injin ɗayan. In tsohon injin daga Jidda ko Dubai ya zo, nemi mai rubutun PAL/MESECAM a goshinsa, waɗannan suna da yawa. In daga Faransa ya zo, sai wanda aka rubuta SECAM zalla ko SECAM-L. Ka tafi da kaset ɗaya wanda ba shi ne mafi muhimmanci ba, a sa shi a gabanka a talabijin mai karɓar SECAM, ka ga kala da idonka kafin ka biya.